Buɗe Bututun Iskar Gas Ga Kowa: Ina Rabon Zuru, Kuma Me Fiƙihunmu Ya Ce?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ajiye arziki a ƙarƙashin ƙasa, Ya kuma ɗora wa bayinSa amanar raba shi da adalci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, mai yiwuwa wani ya yi mamakin ganin zancen bututun iskar gas a wannan fili, musamman idan yana zaune a Zuru ko Dabai ko Ribah ko Mahuta, inda babu wanda ya taɓa ganin an haƙa ramin irin wannan bututu. Uzurinmu shi ne, abubuwa uku da ke hana magidanci barci a ƙasar Zuru duk suna da jijiya a cikin bututun nan: kuɗin buhun takin yuriya idan damina ta ƙarato, wutar lantarkin da ake kawowa a ɗauke kafin a gama cajin waya, da kuɗin motar da ya ninka tun bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Kuma tambayar da ke ƙarƙashin al'amarin tsohuwa ce a littattafan malamanmu: idan hanya ɗaya ce tak take kai mutane ga abin da duk suke da haƙƙi a cikinsa, shin mai riƙe da hanyar yana da ikon ya hana wani wucewa?

Abin da aka canza

Najeriya tana da iskar gas da aka tabbatar da ita wadda ta haura ƙafa kubik tiriliyan 200, babu ƙasar da ta kai ta a Afirka. Amma iskar gas ba kamar man fetur ba ce da za a ɗura a jarka a kai ƙauye a kan babur. Hanyarta mafi sauƙin kuɗi ita ce bututun ƙarfe da ake binnewa daga inda ake haƙo ta zuwa tashar lantarki ko masana'anta. Shekara da shekaru manyan bututun ƙasar nan, irin wanda ya taso daga Escravos zuwa Legas wanda aka buɗe a 1989, suna hannun kamfanin gas na NNPC. Wannan kamfani shi ne mai bututu, shi ne mai dako, shi ne kuma mai sayar da gas ɗin. Duk wanda ya haƙo gas yana neman kai shi kasuwa, ko mai masana'antar da ke neman saye, sai ya zauna da shi sun ƙulla yarjejeniya ta musamman, kuma abin da aka yi da wane ba lallai ne a yi shi da wane ba.

Ranar 10 ga Fabrairun 2020, a Abuja, ƙaramin ministan man fetur na wancan lokaci, Timipre Sylva, ya ƙaddamar da Kundin Ƙa'idojin Jigilar Iskar Gas ta Bututu, kundin ya kuma fara aiki ranar 10 ga Agustan shekarar. Manufarsa a taƙaice ita ce bututu ya koma kamar kwalta: duk mai lasisi yana iya kama gurbi a cikinsa, ya zuba gas ɗinsa ta wata ƙofa, ya karɓa ta wata ƙofar, ya biya kuɗin dako a kan ƙa'ida ɗaya da kowa. Tun da gas ɗin mutane da yawa yana cakuɗuwa a ciki, kundin ya shimfiɗa sharuɗɗan ingancin abin da za a zuba, da yadda za a auna shi a mashiga da mafita, da yadda kowane mai dako zai riƙa sanar da adadin da zai tura, da abin da za a yi wa wanda ya ɗiba fiye da abin da ya zuba.

Shekara guda bayan haka, ranar 16 ga Agustan 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda aka fi sani da PIA. Dokar ta rushe tsohuwar hukumar DPR, ta kafa sababbi guda biyu, ta ba ɗaya daga cikinsu, wato NMDPRA, ikon ba da lasisin jigilar gas da sa ido a kan kuɗin dako da tabbatar da cewa ba a nuna bambanci wajen ba da gurbi. Ta kuma mayar da NNPC kamfanin kasuwanci mai neman riba. Wannan magana ta ƙarshe a riƙe ta, domin za mu dawo gare ta.

Dalilin da ya sa ake buɗewa

Bututu abu ne mai cin kuɗi ƙwarai, ba a shimfiɗa biyu kafaɗa da kafaɗa don kawai a yi gasa. Wanda ya riga ya shimfiɗa na farko ya zama kamar mai kwalekwale guda ɗaya a mashigin kogi ranar kasuwa: ya ga dama ya ɗauke ka, ya ga dama ya bar ka a gaɓa, kuma idan shi ma yana da hatsin sayarwa a ƙetare, to ba ya gaggawar ƙetarar da naka. Ƙasashen da suka riga mu sun ɗanɗana wannan. A Amurka hukumar makamashi ta tarayya ta fara buɗe bututu ga wasu a 1985, amma sai a 1992 ta tilasta wa masu bututu su raba sana'ar dako da sana'ar sayarwa, domin ta ga buɗewar farko ba ta wadatar ba. A Birtaniya an sayar da kamfanin British Gas ga 'yan kasuwa a 1986 yana dunƙule, aka shafe shekara goma ana kukan danniya, sannan aka kawo kundin ƙa'idoji a 1996, aka raba kamfanin a 1997. Tarayyar Turai ta tsananta irin wannan rarrabewa a 2009. Ƙasar Sin ma, wadda gwamnati ke riƙe da kusan komai, ta kafa kamfanin bututu mai zaman kansa a Disambar 2019, ta karɓe manyan layuka daga hannun kamfanoninta na mai.

A nan kusa da mu akwai bututun Afirka ta Yamma mai tsawon kilomita 678, wanda ya taso daga Najeriya ya biya ta Benin da Togo ya kai Ghana. An buɗe shi ga sauran masu dako a 2012, amma shekarun da suka biyo baya sun cika da ƙorafin ƙarancin gas daga ɓangaren Najeriya da tarin bashi daga ɓangaren masu saye a Ghana, har aka kai ga barazanar rufe famfo a 2015. Darasin da ke cikin waɗannan labarai guda ne. Rubuta a takarda cewa ƙofa a buɗe take shi ne mafi sauƙin aikin. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne samun mai gadin ƙofar da ba shi da kaya a cikin ɗakin.

Abin da magabata suka bari

Musulmi ba baƙo ba ne a wannan bahasi. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya sanya mutane abokan tarayya a cikin abubuwa uku, su ne ruwa da makiyaya da wuta. Malaman farko sun fassara wutar da ɗosana wuta daga maƙwabci da kuma itacen dajin da ba mallakar kowa ba, malaman wannan zamani da yawa kuma sun faɗaɗa ma'anar ta haɗa da makamashin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi. Haka kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo labarin Abyad ɗan Hammal (RA), wanda ya roƙi a yanka masa mahaƙar gishirin Ma'arib, aka ba shi. Da aka bayyana wa Manzon Allah (SAW) cewa gishirin nan tamkar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, sai ya karɓe kyautar. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawanmu muka tashi a kai, mashhurin zance shi ne al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, ya sarrafa su ta yadda za su amfani jama'a. Ko tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 44, ya sanya man fetur da iskar gas a hannun gwamnatin tarayya. Ma'ana, mutumin Sakaba yana da rabo a cikin gas ɗin da ake haƙowa a Delta, kamar yadda Musulmi da Kirista da mai bin al'ada a masarautar Zuru duk suke da rabo ɗaya a cikinsa.

Sai dai labarin da ya fi kusa da maganarmu shi ne wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Dahhak ɗan Khalifa ya jawo ruwa daga kwarin Uraid kusa da Madina, ya so ya ratsa da shi ta gonar Muhammadu ɗan Maslama (RA), shi kuwa ya ƙi. Aka kai ƙara gaban Sayyidina Umar (RA). Umar ya nuna wa mai gonar cewa ratsawar ba za ta cutar da shi ba, hasali ma zai riƙa shayar da gonarsa daga ruwan. Da ya kafe a kan ƙinsa, sai Halifa ya yanke hukunci a ratsa, aka kuwa ratsa. Ga mai ƙasa, ga mai neman hanya, ga hukuma ta shiga tsakani ta ce mallaka ba ta ba mutum lasisin tare alheri ba matuƙar shi bai cutu ba. Idan haka aka yi da gonar da mutum ya mallaka da guminsa, ina ga bututun da aka shimfiɗa da dukiyar jama'a da bashin da jikokinmu za su biya?

To amma ɗalibi ya lura da abin da ya biyo baya, domin a nan fiƙihun yake. Malaman mazhaba sun naƙalto cewa Imam Malik, duk da shi ya ruwaito hukuncin, bai ga a riƙa tilasta shi a zamaninsa ba. Dalilinsa shi ne mutane sun canza, amana ta yi ƙaranci, yana tsoron idan zamani ya tsawaita a manta asalin yadda ruwan ya ratsa, wanda aka yi wa alfarma ya wayi gari yana da'awar gonar. Mu a fahimtarmu, waɗannan matsayi biyu su ne ginshiƙan maganar bututu. Na Umar ya koya mana cewa a buɗe hanya. Na Malik ya koya mana cewa buɗe hanya a cikin mutanen da amana ta yi musu ƙaranci yana buƙatar rubutu da shaida da alƙali mai tsoron Allah, in ba haka ba adalcin da aka nufa ya koma sabuwar ƙofar zalunci. Ba fatawa muke bayarwa ba, wannan aikin ma'abotansa ne. Muna dai nuna cewa mizanin da za mu auna wannan tsari da shi yana cikin gidanmu.

Wurare huɗu da za a gwada gaskiyar tsarin

Na farko shi ne mai riƙe da famfo. Har yau manyan bututun ƙasar nan suna hannun wani reshe na NNPC, sayar da gas kuma yana hannun wani reshen nasa. An raba suna da ofis, amma uwa ɗaya ce, kuma uwar yanzu doka ta ce ta nemi riba. Ranar da gurbi ya yi ƙaranci, aka rasa wanda za a rage wa tsakanin ɗan gida da baƙo, a nan za a san ko an buɗe bututu. Ba mu tuhumi kowa da laifi ba. Abin da muke cewa shi ne shari'a ba ta barin mutum ya yi alƙalanci a shari'ar da yake da rabo a cikinta, komai nagartarsa, kuma nauyin hana hakan yana wuyan NMDPRA.

Na biyu shi ne awo. Duk cinikin bututu a kan na'urar awo yake tsaye: nawa ka zuba, nawa ka ɗiba, nawa ya zurare a hanya, wa zai ɗauki asarar. Mun san irin gargaɗin da Alƙur'ani ya yi wa masu tauye mudu, har sura guda aka sanya wa sunansu, mun kuma san abin da ya sami mutanen Annabi Shu'aibu (AS). Tiyar da ake auna dawa da ita a kasuwar Zuru kowa yana ganinta da idonsa, idan an buga mata gindi za a gane. Na'urar da ke auna gas kuwa tana cikin shinge, injiniyoyi kaɗan ne ke karanta ta. Saboda haka wajibi ne kuɗin dako da gurbin da ya rage a kowane layi su zama a bayyane, duk mai so ya duba ya gani. Hukumar tana sanar da farashin gas na cikin gida duk shekara, a 2024 ta sanya wa tashoshin lantarki dala 2.42 a kan kowane ma'auni. Irin wannan bayyanawa muke so ta game kowane mataki.

Na uku shi ne ɓoye gurbi. Babban kamfani yana iya kama gurbi mai yawa a bututu, ya biya, ya ƙi amfani da shi, don kawai kada ƙaramin abokin gasa ya samu wurin wucewa. Wannan ɗan'uwan ɓoye hatsi ne, wanda hadisin da Muslim ya ruwaito ya bayyana mai yin sa da cewa mai saɓo ne. A Turai sun magance shi da ƙa'idar cewa wanda bai yi amfani da gurbinsa ba a karɓe a ba wani. Ƙarni goma sha huɗu kafin su, Sayyidina Umar ya karɓe wani sashe na filin Aƙiƙ daga hannun Bilal ɗan Haris al-Muzani (RA), ya bar masa iya abin da zai iya rayawa, ya raba sauran ga Musulmi, alhali kuwa Manzon Allah (SAW) ne ya yanka masa filin.

Na huɗu shi ne bashi, kuma a nan yatsa yana nuna mu ma. Mafi yawan wutar da ke kan babban layin ƙasa daga tashoshin gas take fitowa. Mai gas yana bin tashar lantarki, tasha tana bin gwamnati da kamfanonin rarraba wuta, su kuma suna bin masu amfani da wutar, har bashin ya kai tiriliyoyin naira. A farkon 2024 wuta ta yi ƙaranci a duk faɗin ƙasa, ma'aikatar lantarki da kanta ta danganta abin da ƙarancin gas da bashin da masu gas ke bi. Babu ɗan kasuwar da zai tura gas ɗinsa ta bututu, komai faɗin ƙofarsa, zuwa ga mai sayen da ba ya biya. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne a shari'a. Ma'aikatar gwamnatin da ta ƙi biyan kuɗin wuta da magidancin da ya zagaye mita duk sun sa hannu a cikin wannan duhu, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

Ina Arewa, ina Zuru

Hanyar da ba ta iso ba, buɗe ta ba ya ƙara wa kowa komai. Fatan Arewa yana rataye ne a kan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda ake kira AKK, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 2.8. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 30 ga Yunin 2020 da alƙawarin kammalawa cikin shekara biyu. Wa'adin ya sha wucewa ana sake sabo, sai a tsakiyar 2025 kamfanin NNPC ya sanar da cewa an yi nasarar ratsa ƙarƙashin Kogin Neja, wanda shi ne mataki mafi wuya. An tsara tashoshin lantarki a Abuja da Kaduna da Kano a kan layin. Duk wanda ya san yadda masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano suka durƙushe, tsadar makamashi tana cikin manyan dalilai, ya san abin da ake fata. Kuma a nan ne buɗe bututu yake da ma'ana ga ɗan Arewa: mai casar shinkafa ko mai jima a Kano ya iya neman gas daga duk mai sayarwar da ya fi masa sauƙi, maimakon ya tsaya a ƙofar mutum ɗaya.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Layin AKK ya bi ta Kogi da Abuja da wani yanki na Neja da Kaduna ya nufi Kano. Tsakaninsa da Zuru akwai ɗaruruwan kilomita, kuma bai taɓa Jihar Kebbi ba. Akwai kuma wani kuskuren fahimta da ya kamata iyayenmu mata su sani: gas ɗin da ke bin wannan bututu ba shi ne na tukunyar girki ba. Na girki wani nau'i ne da ake tacewa daban, a ɗauko shi a tanka, kuma farashinsa yana bin dala da kuɗin dakon mota. Don haka duk ɗan siyasar da ya ce da zarar AKK ya iso Kano kilon gas zai faɗi a Zuru, a tambaye shi ta wace hanya.

Hanyoyin da amfanin zai iya iso mana guda uku ne. Ta farko ita ce tanka. Ana matse gas ko a daskarar da shi ya zama ruwa, a ɗauka a mota zuwa inda bututu bai kai ba. Tashar lantarki ta gaggawa mai megawat 50 da aka buɗe a Maiduguri a Maris ɗin 2023 da irin wannan gas take aiki, ana ɗauko shi tun daga Kudu. Idan aka samu tashar matsewa a Kaduna ko kusa da Abuja, tafiyar ta ragu ƙwarai, kuma direban da ke jigila tsakanin Zuru da Kontagora ta Rijau zai iya fara tunanin mayar da motarsa mai amfani da gas ɗin CNG, wanda gwamnatin tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023. Amma wa zai gina tashar matsewar? Ƙaramin ɗan kasuwa ne, kuma ba zai zuba jarinsa ba sai ya tabbata zai sami gurbi a bututu a kan ƙa'ida. Wannan ita ce igiyar da ta ɗaure kundin Abuja da tashar motar Zuru.

Ta biyu ita ce lantarki. Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna tare da Sakkwato da Zamfara, kuma tashar da aka gina a Kaduna ta fi kusa da mu a kan wadda ke gaɓar teku. Bugu da ƙari, Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka gwamnatin jiha tana da damar jawo masu ƙananan tashoshi idan ta so. Ta uku ita ce taki. Daga iskar gas ake yin yuriya, kuma manyan masana'antunta, ta Dangote a Lekki da aka buɗe a Maris ɗin 2022 da ta Indorama a Eleme, duk suna bakin teku, inda jirgin ruwa ya fi manomin dawa na Fakai kusa da su. Masana'antar taki a kan layin AKK za ta rage dakon da manomi ke biya a cikin kowane buhu, kuma ba ta yiwuwa sai da tabbacin gas na shekaru masu yawa.

Duk waɗannan hanyoyi uku suna bi ta kan kwalta da daji. Tankar gas ba za ta bi hanyar da direba ke tsoron bi da rana ba, kuma al'ummar Danko-Wasagu da Sakaba sun fi kowa sanin abin da rashin tsaro ya yi wa noma da fatauci. Maganar gas da maganar tsaro da gyaran hanya, a wurinmu magana ɗaya ce.

Abin da ya rage gare mu

Ga magidanta, shawararmu ita ce mu daina karɓar alƙawari a dunƙule. Idan wakilanmu na majalisar tarayya da ta jiha suka zo gida, a yi musu tambayoyi masu ƙofa ɗaya. Dokar PIA ta kafa asusu na musamman don gina kayan aikin gas, wanda ake tara masa wani kaso daga cinikin mai da gas na cikin gida, ciki har da man da muke saye a Zuru. Nawa ne daga cikin asusun ya zo Kebbi? Ina ne wuri mafi kusa da mu da za a buɗe mafita a kan layin AKK? Wa aka ba lasisin, kuma a kan wace ƙa'ida? Yin irin wannan tambaya cikin ladabi nasiha ce ga shugabanni, kuma nasiha tana cikin addini.

Ga malamanmu da limamanmu, muna roƙon a shigar da dukiyar jama'a cikin karatu da huɗuba. Fasa bututu, da satar abin da ke cikinsa, da sayen kayan da aka san na sata ne, duk cin dukiyar al'umma ne, kuma wanda ya ci da biro a ofis bai fi wanda ya ci da zarto a daji tsarki ba. Idan bututu ya iso Arewa, garuruwan da ya ratsa su ne masu gadinsa na farko.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, da 'ya'yanmu da ke karatun injiniya da lauya da lissafin kuɗi a wasu jami'o'in, ga fili nan a buɗe. Tsarin nan yana buƙatar masu auna gas, da masu duba lafiyar tukwanen CNG, da masu rubuta yarjejeniya, da masu binciken lissafi. Malamai sun sanya sana'o'in da al'umma ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan da idan wasu suka ɗauka an sauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari duk an yi laifi. Ɗalibin fiƙihun da ya karanta babin shirka da ijara da ihtikari, sannan ya zauna ya karanta Dokar PIA, zai amfani jama'arsa fiye da yadda yake zato. Ranar da za a zauna rabon gurbi, wanda ya iya karanta takardar shi ne za a saurara.

Mun yi maraba da buɗe bututun, domin ya fi kusa da abin da Sayyidina Umar ya hukunta a kan barin sa a hannun mutum ɗaya. Muna kuma riƙe da tsoron da Imam Malik ya ji, domin zamaninmu bai fi nasa amana ba. Za mu ce tsarin ya yi aiki ranar da wani ƙaramin ɗan kasuwa wanda ba shi da kowa a Abuja ya nemi gurbi ya samu a kan farashin da aka rubuta, ya ɗauko gas ya kawo Zuru, mai injin niƙa ya ga bambanci a cikin lissafinsa na wata.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ikon biyan abin da ke kanmu, Ya zaunar da ƙasar Zuru da Najeriya baki ɗaya lafiya. Allah Shi ne Mafi sani.